Rabin Nakshar Madam

Ni ba mutumin kwamfuta ba ne, kuma ban taɓa cewa ni ne ba. Aji uku na yi ubana ya cire ni daga makaranta ya zaunar da ni gaban katakon saƙa. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina harkar kafet a Bhadohi, a ƙasar Indiya, goma sha huɗu daga ciki ni ke kula da masaƙan Lala Girdhari, mai kamfaninmu. Sunana Badruddin, amma Badru Ustad ake ce mini, wato gwanin sana'a. Aikina in kai wa masaƙi zare da ulu da naksha, wato zanen da yake kallo yana ƙulli, in koma bayan wata huɗu in karɓo kafet. In ya yi kyau in yi shiru, in bai yi ba ya ji murya.

A sanyin shekarar da nake magana, wata mai saye a Jamus, mu Madam kawai muke ce mata, ta ba mu aikin kafet goma sha biyu iri ɗaya, ƙafa tara a ƙafa goma sha biyu. An gama maganar girma, an gama ta launi, ulu ma an rina shi yana rataye. Naksha ce kaɗai ba ta iso ba. Katakai goma sha biyu na ƙauyen Ramdhani suka yi sati uku a tsaye ba ko zare.

Ramdhani shi ne bakin masaƙan ƙauyen. Ran Talata ya zo ya same ni a tsakar gida, ya ƙi zama, ya ƙi shayi.

"Ustad, sati uku muna kallon juna. Matata ta fara ba ni wake ina ɓare mata."

"To ka ɓare da kyau," na ce.

"Haji Kamruddin ya aiko mana mutum sau biyu. Zarensa a shirye, nakshar sa a hannu. Mun ce a'a saboda kai. Ran Juma'a kafin ka tafi masallaci, in ba mu ga naksha ba, nasa za mu ɗaura."

Bai yi ƙarya ba, kuma ban ga laifinsa ba. Haji abokin gasarmu ne a harkar kafet. Amma zare in ya hau katako, wata huɗu ne kafin ya sauka, kuma masaƙin da ya sha shayin Haji wata huɗu da wuya ya dawo. Shekara goma na yi ina tara mutanen nan. Na ce masa Juma'a zai ga naksha, na dafa ƙirji.

Da, naksha a cikin bututun kwali take zuwa ta jirgi. Tun da aka sa kwamfuta a ofis sai Madam ta riƙa ajiye ta a wani ɗakin ajiyarta na intanet, Tiwari-ji ya shiga ya ɗauko. Tiwari shi ne mai kwamfutarmu, Pandit-ji nake ce masa, sa'ana ne, mai tabarau da tumbi, shekara da shekaru muna tsokanar juna. Madam ta aiko cewa ran Alhamis da safe za ta ajiye. Tiwari kuma ran Laraba zai tafi Allahabad wankan ibadarsu ta Hindu a mahaɗar koguna, alkawari ya yi wa uwarsa tun tana da rai. Lala yana Delhi wajen baje koli. Saura ni.

"Zauna nan, Ustad," Tiwari ya ce, ya ja mini kujerarsa. "Kar ka ji tsoro, ba ta cizo."

"Na ga ta cinye maka ido."

Ya buɗe abin da yake kira FTP. Gilashin ya rabu gida biyu. Ya ce hagu ɗakinmu ne, dama ɗakin Madam. Makullin shiga, wato suna da kalmar sirri, ya riga ya sa su a ciki, ni dai in danna wani wuri guda. In ƙofa ta buɗe zan ga akwatuna rawaya a jere a dama, in shiga mai sunanmu, in kama fayil ɗin da ɓeran nan na hannu in ja shi zuwa hagu in saki. Ya zana mini komai a takarda har da kibiya. Ya nuna mini yadda zan buɗe fayil ɗin in tura wa babban injin bugawa.

"Abu guda kar ka manta," ya ce. "Gefen sunan fayil akwai lamba. Nauyinsa ke nan. Sai lambar hagu ta yi daidai da ta dama, sannan kaya ya iso duka. Kamar awon ulu."

"Pandit-ji, ni za ka koya wa awo?"

"Kuma kar ka taɓa abin da ban nuna maka ba."

"Tafi ka yi wankanka. Ka dirje sosai, shekara guda ce ta taru."

Ran Alhamis ƙarfe goma na zauna a kujerar. Mamu Nabban ya jawo benci ya zauna bayana da kofin shayinsa. Mamu ba kawun kowa ba ne a gidan, amma kowa haka yake kiransa, har Lala. Shi ne mai zana naksha tun kafin a haifi rabinmu, shi ke riƙe da makullin ɗakin da ake ajiye su. Ya wuce saba'in, idonsa ya fi nawa.

"Na zo in ga bajinta," ya ce.

Na danna inda aka ce. Wasu rubuce-rubuce suka yi ta gudu a sama, sai akwatunan suka fito a dama. Ni ba na karanta Turanci, amma sunan kamfaninmu na san shi kamar fuskar ɗana, yana jikin kowane ƙunshi da muka taɓa ɗaurewa. Na gan shi. Na kuma ga wani a ƙarƙashinsa, kafaɗa da kafaɗa, haruffan da ke jikin ƙofar gidan Haji Kamruddin da motocinsa. Ashe shi ma yana yi wa Madam aiki. Na shiga namu, na kama fayil, na ja, na saki. Wani layi kore ya fara rarrafe a ƙasa.

"Shi ke nan?" Mamu ya ce. "Wannan Tiwari yake rufe ƙofa yana yi da fuskar likita?"

"Shi ke nan."

Layin ya yi ta rarrafe. Mun sha shayi biyu, Mamu ya ci pan ɗinsa, ganyen nan da ake taunawa, ya tofar, bai kai ko tsakiya ba. Wajen sha ɗaya da rabi aka ɗauke wuta, kamar kullum. Kwamfutar ta yi ta kuka na ɗan lokaci sannan ta mutu. Na fita na tayar da janareta, na dawo na kunna, na sake bin takardar Tiwari daga farko. Da gilashin ya rabu sai ga sunan fayil ɗin a hagu, a ɗakinmu.

"Ya iso," na ce.

"Ma sha Allah. Amma ga shi can a dama ma."

Na duba. Gaskiya ne, yana nan inda na same shi.

Mu a sana'armu naksha ɗaya ce. In tana hannun masaƙi ba ta ɗakin Mamu, in tana ɗakin Mamu ba ta hannun kowa. Kuma ba a barin ta a fili. Na ga lokacin da aka kori mutum daga aiki don ya bar naksha a kan keke ya shiga shan shayi. Zane in ya fita, kafin ka sauke kafet ɗaya ka gan shi a shago biyar. To ga tamu a ɗakin da ba mu muke kulle shi ba, akwatin Haji a manne da namu, mutumin da yake neman kwashe mini masaƙa gobe.

"Mamu, kai za ka bar naksha a ɗakin da Haji yake shiga?"

"Ni ko takalmina ba zan bari ba."

Na san maɓallin gogewa, na sha ganin Tiwari yana danna shi in ya yi kuskure. Na haska fayil ɗin dama, na danna. Kwamfutar ta yi wata tambaya da Turanci, na amsa mata da babban maɓalli. Fayil ɗin ya ɓace. Gaskiya na ji daɗi, har na miƙe ƙafa.

Sai na buɗe namu.

Zanen ya fito daga sama, shuɗi da toka da ruwan ƙasa, ya sauko ya sauko, sai ya tsaya. Daga nan har ƙasa babu komai sai toka zalla, kamar bangon da aka yaɓe da siminti. Na rufe na sake buɗewa. Haka. Sai a lokacin na tuna da lambar. Na duba ta hagu, na ga nauyinta. Ta dama kuwa babu abin da zan gwada da ita.

Mamu ya matso da fuskarsa gilashin, ya daɗe yana kallo.

"Madam ta iya zane," ya ce. "Wannan tokar ta ƙasa ba za ta ba masaƙa wahala ba."

Na ɗauki waya na kira Tiwari. Matarsa ce ta ɗauka, wadda nake ce wa Bhabhi, matar ɗan'uwa, ita kuma take ce mini bhai, ɗan'uwa, ga hayaniyar mutane da ƙararrawa a bayanta.

"Bhabhi, ba ni Pandit-ji."

"Badru bhai, ka manta yau wace rana ce? Yau ranar shiru ce. Tun asuba ya kama bakinsa, sai gobe in rana ta fito. Shekara ashirin ina jiran rana irin wannan."

"To ki tsaya kusa da shi. Zan faɗa, ki faɗa masa, ki gaya mini abin da ya yi."

Na ba ta labari, tana maimaita masa da ƙarfi, duk bakin kogin na ji. Da ta kai wajen maɓallin gogewa sai na katse ta.

"Me ya ce?"

"Bai ce ba. Ya zauna a kan yashi. Ya dafe kai."

"Tambaye shi ina abin yake zuwa in an goge shi. Ko akwai kwandon shara a ɗakin Madam."

"Yana girgiza kai. Yanzu yana nuna kogi da hannu, yana yin alamar abu ya tafi."

"To yaya za a yi?"

"Tsaya, yana rubutu a yashi." Na ji tana haɗa baƙi. "Ya rubuta Lahadi. Wai ran Lahadi zai dawo ya rubuta wa Madam ta sake ajiyewa. Yana ƙara wani abu. Wannan ba zan karanta maka ba, Badru bhai, muna wuri mai tsarki."

Na ajiye wayar. Lambar Madam tana wajen Lala, kuma ko na samu, da wane baki zan yi mata magana? Kiran Lala kuwa, ya ji a tsakiyar baje koli cewa na share naksha da hannuna, ba zai dawo da ita kafin Juma'a ba, sai dai ya ƙara mini zafin kai. Lahadi ta yi nisa da kwana biyu. Na zauna ina kallon tokar nan.

"Buga abin da ke akwai," Mamu ya ce.

"In yi me da shi?"

"Ka buga dai. Ni ba na gane zane a gilashi."

Na tura wa injin. Ya fitar da takarda falle-falle, muka jera su a ƙasan ɗakin Mamu muka liƙe da gam. Mamu ya durƙusa da sandar awonsa yana ƙirga gidajen ƙulli, yana motsa leɓe. Faɗin ya cika, gefe zuwa gefe. Lambobin launi suna nan a saman takarda. Tsawon ne ƙafa biyar da rabi cikin goma sha biyu.

"Da nakshar mutane ce," ya ce, "da kashi ɗaya cikin huɗu ya ishe ni. Fure a tsakiya, hagu ta kalli dama, sama ta kalli ƙasa, in sa madubi in cika maka kafin la'asar. Amma wannan ba hagu ba dama. Kamar an watsa shayi a bango."

"Na gani."

"Kuma saman ka samo. Da ƙasan ne, da sai mu ce a fara."

"Shi ma na gani, Mamu."

Ya tashi yana riƙe da ƙugu, ya zagaya ta ɗaya gefen takardar zai ɗauki kofinsa. Sai ya tsaya a can, yana kallon zanen daga kai.

"Badru, Ramdhani inci nawa yake hawa a rana?"

"Ɗaya da rabi. In bai tashi da faɗa a gida ba."

"Ƙafa biyar da rabi, kwana nawa ke nan?"

Na lissafa da yatsu. "Arba'in da huɗu."

"Pandit kuma zai buɗe baki gobe, ya dawo Lahadi." Ya sa ƙafa ya tura gefen takardar, ta juya, saman ya dawo wajena. "Wa ya gaya wa katako ina ne saman kafet?"

Na daɗe ina kallo. Tun ina ɗan shekara tara nake fara kafet daga ƙasan naksha, ban taɓa tunanin akwai wani wurin farawa ba.

"Gashin kafet ɗin zai kwanta ta ɗaya gefen," na ce.

"Zai kwanta. Duka goma sha biyun za su kwanta tare. Sai Pandit ya gaya wa Madam a wasiƙar, tun da dama yana da labari mai daɗi da zai ba ta."

Ranar ba mu ci abincin rana ba sai samosa a tsaye. Muka buga goma sha biyu, muka liƙe, Mamu ya bi kowace da jan alƙalami ya sake lambar layuka daga sama, ya ja kibiya inda za a fara. Tokar ƙasan muka yanke da almakashi.

Juma'a ƙarfe tara na isa ƙauyen a kan babur, naksha a bayana, keken ulu na biye. Masaƙan suna zaune a rana gaban rumfar Ramdhani sun lulluɓe da barguna. Can gefen hanya, gindin bishiyar darbejiya, mutumin Haji yana zaune a kan ƙunshin zare yana sakace.

Ramdhani ya warware guda a kan gado. Bai yi minti ɗaya ba ya ɗago.

"Ustad, wannan ta ƙare a hanya. Ina sauran?"

A kan babur na shirya abin da zan ce, wai haka Madam take aiko da su yanzu, rabi-rabi, don kar a sace. Da ya yarda ma. Amma mutum goma sha biyu ne za su ɗaura wata huɗu na rayuwarsu a kan maganata.

"Na goge shi," na ce.

"Ka me?"

Na gaya musu yadda aka yi, da wuta, da akwatin Haji, da maɓallin. Na yi ƙasa da murya saboda na gindin bishiya, amma dariyarsu ta kai masa. Wani tsoho har bargonsa ya faɗi.

"Wato don kar Haji ya gani," Ramdhani ya ce yana share ido, "sai ka sa kai ma ba ka gani."

"Haka aka yi."

"In muka kai layin ƙarshe sauran bai zo ba fa?"

"Lahadi za a rubuta wa Madam. Kana da kwana arba'in da huɗu. In ka kai can babu sauran, ni zan zo da wuƙata in yanke zaren, in kai ka ƙofar Haji da kaina."

Ya sake duba takardar, ya bi jan alƙalamin da yatsa. "Wannan hannun Mamu ne."

"Nasa ne."

Ya kalli sauran, su ma suka kalle shi. Sannan ya naɗe takardar ya sa a hammata.

"Ku kawo zaren," ya ce. "Ban taɓa saƙa kafet daga ka ba. In na mutu ban gwada ba zan ji haushi."

Kafin in tafi masallaci katako huɗu sun ɗauki zare. Mutumin Haji ya ɗora ƙunshinsa a keke ya kama hanya, ya gaishe ni ma da zai wuce.

Tiwari ya dawo Lahadi da murya garau. Ya ce a rayuwarsa bai taɓa yin shiru mai wuya kamar na ranar ba, kuma rabin ladan wankansa ni na cinye. Ya buɗe gilashin, ya danna akwatin Haji a gabana. Ya ƙi buɗuwa.

"Ka gani? Makullinmu namu kaɗai yake buɗewa. Nasa ma haka. Suna kawai kake gani."

"To me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Na ce kar ka taɓa abin da ban nuna maka ba."

"Wannan ba bayani ba ne, umarni ne."

Madam ta amsa ran Litinin. Ashe tana da wani a ajiye, ta sake sa shi a akwatinmu. Maganar juyawa kuwa, Tiwari ya ce ta rubuto cewa ba komai, zanen ba shi da sama ko ƙasa, ita ma in ba ta ga lambobin ba ba ta ganewa. Mamu ya ce ya daɗe bai ji mai saye ta faɗi gaskiya haka ba.

Tiwari ya sa ni na sake jan fayil ɗin da hannuna, ya tsaya a kaina. Layin kore ya rarrafa har ƙarshe. Na karanta lambar dama da ƙarfi, na karanta ta hagu, suka yi daidai. Na bar na ɗakin Madam a inda yake, ko da yake har yau in na tuna yana can a fili sai in ji ba daɗi.

Da na tashi, Tiwari ya zaro wuƙar feƙe fensir ya ɓanɓare maɓallin gogewa daga jikin madannan, ya miƙa wa Mamu. Mamu ya naɗe shi a takarda ya kai ɗakin naksha ya kulle. Yana can har yanzu, a kan kanta ta uku, kusa da nakshar furen Kashan. Tiwari in yana bukata sai ya je ya roƙa, ya kuma dawo da shi kafin a tashi. Ni dai Mamu ya ce ko na zo da takardar Lala ba zai ba ni ba.